Ƙarfafa tattalin arzikin Nijar: tambayoyin da ake yawan yi a Tawa da amsoshinsu

Duk inda aka zauna maganar arzikin ƙasa a jihar Tawa, ko a taron ƙungiyar manoma, ko a rumfar kasuwa, ko a fadar matasa ana jiran shayi ya nuna, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Su aka tattaro nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda aka ambaci jaka, sefa 1,000 ake nufi. Inda aka rubuta "a ce", misali ne don lissafi, ba farashin kasuwar yau ba.

Kullum ana cewa tattalin arziki ya bunƙasa, amma ba mu gani a tukunya ba. Ina bunƙasar take shiga?

Abin da masu lissafi ke aunawa shi ne jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara: gero, albasa, dabbobi, fetur, siminti, ɗinkin tela, jigilar direba. Idan aka ce ya ƙaru da kashi 6 cikin ɗari, sai a tambaya baki nawa za su ci. Jama'ar Nijar na ƙaruwa da wajen kashi 3.7 kowace shekara. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17, yanzu an haura miliyan 25. Cire 3.7 daga 6, abin da ya saura wa kowane kai kashi 2 ne da ƴan kai, kuma da wannan tafiya sai an shekara 30 kafin rabon mutum ɗaya ya ninka.

Sai kuma inda bunƙasar ta fito. Rijiyar fetur kan ɗaga lissafin ƙasa ba tare da ta ɗauki mutane da yawa aiki ba, alhali wajen mutum 8 cikin 10 da noma da kiwo suke ci. Shi ya sa ma'aunin da ya fi gaskiya a ƙauye biyu ne: tiya nawa ta gero ladan yini ɗaya ke saye a watan Yuli, da buhu nawa ake samu idan aka sayar da rago ɗaya.

Ga uranium, ga fetur. Me ya hana su wadata mu?

Yawansu bai kai yadda ake zato ba. Tun 1971 ake fitar da uranium daga Arlit, amma a 2022 abin da aka haƙo tan 2,000 ne da kaɗan, mahaƙar COMINAK ta Akokan kuma an rufe ta a Maris 2021 da ma'adininta ya ƙare. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, an tsara shi kan ganga 90,000 a rana. Haɗa su, ka ninka da kwanakin shekara, ka raba wa ƴan ƙasa: ganga ɗaya da rabi ce rabon kowa a shekara, tun kafin kamfanin da ya zuba jari ya cire nasa. Irin wannan kuɗi jari ne na gina wani abu. Idan aka ce zama za a yi a ci, ba za su kai ko'ina ba.

Gwamnati ta karɓe lasisin mahaƙar uranium ta Imuraren a 2024, ta mayar da SOMAIR, kamfanin da ke haƙa a Arlit, hannun ƙasa a 2025. Mallakar na da muhimmanci, sai dai ta zo da kaya: yanzu ƙasar ce za ta nemo mai saye, da hanyar fitarwa, da kuɗin gyaran injuna, da na rufe ramuka bayan an gama.

To kuɗin fetur ɗin, yaya ya kamata a riƙe su?

Nijar ta taɓa zama a wannan aji. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, farashin uranium ya hau, kasafin kuɗi ya kumbura, aka yi gine-gine a Yamai, aka ci bashi bisa zaton farashin zai zauna. Farkon shekarun 1980 ya faɗi, bashin kuwa yana nan. Daga nan sai tsuke bakin aljihu, da rufe kamfanonin gwamnati, da bashin albashi na watanni a shekarun 1990.

Ƙa'idoji uku ke hana maimaita haka. A gina kasafi kan matsakaicin farashin ganga na shekarun baya. Abin da ya hau kai ya shiga asusun ajiya, a ciro shi shekarar da farashi ya faɗi ko damina ta ƙi. Kuɗin abin da ke ƙarewa kada su zama albashi da motocin ofis, su tafi ga abin da zai rage bayan rijiya ta ƙafe: ruwa, wuta, hanya, makaranta. Sannan a riƙa buga yawan gangar da aka fitar, da farashinta, da abin da ya shiga baitulmali, wata-wata. Ta ukun ce ke tsare sauran. Cadi ta kafa asusun ƴan baya da doka, ba a daɗe da fara fitar da mai ba aka soke shi; Najeriya ta buɗe asusun rarar ɗanyen mai a 2004, aka yi ta ɗiba har ya kusa ƙarewa.

Akwai kuma tanadin da mutane da yawa ba su san da shi ba: doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin haƙar ma'adinai da fetur ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo abin. Mai son bin diddigi ya fara daga nan: nawa aka turo, yaushe, me aka yi da su.

Idan kuɗin kaɗan ne, ina ya fi cancanta a fara zuba su?

A ruwa. Damina a nan wata 3 ce zuwa 4, ruwan da ke sauka a garin Tawa kuma bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Sauran watannin majiya ƙarfi na zaune ko sun tafi ci-rani, alhali a kwarin Tarka, da Majiya, da Tadis, da kewayen tabkin Tabalak, ruwa na kusa.

Manyan filayen noman rani irin na Ƙonni, mai fiye da hekta 2,000, suna ciyar da dubban iyalai, amma ciwonsu ɗaya ne ko'ina. Laka na cika madatsa, magudanai na tsagewa, manoma su ƙi biyan kuɗin ruwa don ruwan ba ya isa, ruwan kuma ba ya isa don ba a biya an gyara ba. Wanda zai buɗe sabon fili bai ware kuɗin gyara na shekara-shekara ba, bai kuma tare zaizayar tuddan da ke zubo wa madatsar ba, kango yake ginawa.

Ƙaramin ban ruwa ya fi saurin haihuwa: rijiyar burtsatse mai zurfin mita 10 zuwa 15, inji, da bututun roba binne a ƙasa mai kai ruwa kowane ɓangare na lambu. Abin lura, injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwan da ya wuce mita 7 ko 8 ƙasa, komai ƙarfinsa. Idan masu lambu suka yi yawa ruwa ya sauka, sai a haƙa rami a sauke injin, ko a koma famfon da ake nutsarwa mai aiki da hasken rana. Don haka raba injuna kaɗai bai isa ba. Shingayen dutse da siminti da ake gittawa a kwari, masu tare ambaliya su baza ta har ta nutse, su ne ke ɗago ruwan ƙasa, kuma an ga amfaninsu a wurare da dama na jihar nan. Sai rangwamen kuɗin duwan (kwastan) a kan famfo da farantan sola, da horar da mai gyara a kowace kasuwar mako.

Gonar damina fa, wadda ba ta da rijiya?

Hekta ɗaya ta gero kan ba da kilo 400 zuwa 500 a shekara mai matsakaicin ruwa, gajiyar ƙasa kuma na cikin manyan dalilai. Dabarar da masu bincike suka gwada a Sadore, kusa da Yamai, ba ta buƙatar buhuna da yawa: giram 2 na takin DAP, ko giram 6 na NPK 15-15-15, a kowane rami lokacin shuka. Da rami 10,000 a hekta, kilo 20 ke nan na DAP ko kilo 60 na NPK. Kuskuren manomi shi ne barin takin ya taɓa iri a busasshiyar ƙasa, sai ya ƙone shi. Kuskuren hukuma shi ne kawo taki mai rangwame a watan Agusta. Wanda ya iso ƙauye a watan Mayu, cikin ƙulli-ƙulli na kilo 1 zuwa 5, ya fi shi amfani ko da ba rangwame.

Ƙasar da ta zama fako ana farfaɗo da ita da tassa (ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa), da jerin duwatsu, da ramukan rabin wata, wajen 313 a hekta, bakinsu na kallon inda ruwa ke gangarowa. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya nuna tuddan Adar na iya komawa kore. Sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa irin su gawo a gona ana yi musu aski maimakon sara, ya dawo da itatuwa a wajen hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Inda ake faɗuwa shi ne mallaka: an biya mutane sun haƙa, an ɗauki hoto, ba a ce filin na wane ne ba, bayan shekara 2 dabbobi sun tattake. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye. A ba su kayan aiki, a rubuta haƙƙin mai noma da na mai kiwo tun kafin a sa diga.

Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akra. Me ya sa manominta bai yi kuɗi ba?

Saboda kowa na cirewa lokaci guda, a Maris da Afrilu, kuma kowa ana binsa bashi. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, wanda ya iya riƙe tasa har bayan damina kuwa ya sayar ninkin-ba-ninkin. Ribar tana hannun mai ajiya, ajiya kuma daga gona take farawa. A rage takin yuriya a ƙarshen noma, don yana sa albasa ta yi ruwa ta ruɓe da wuri. A tsayar da ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira, a bar ta ta sha iska a ƙarƙashin ganyenta har wuyanta ya bushe, a tsince mai rauni. A rudu na gargajiya asara kan yi yawa idan an jibga ta da kauri ko ruwan sama ya shiga. Rumbu mai katako hawa-hawa, ɗage daga ƙasa, iska na ratsa shi, ana tsince ruɓaɓɓu duk mako 2, yana rage asarar sosai, kuma irinsa ya kamata tallafin gwamnati ya gina.

Abu na biyu awo ne. Da buhu ake sayen albasa, buhun dillali kuma cika shi ake har ya yi hula, a ɗinke. Abin da ke cikin hular kyauta ce manomi ya bayar bai sani ba. Cibiyoyin cinikin albasa irin na Tsarnawa da Madawa za su biya buƙata idan akwai sikeli, da buhu mai nauyi ɗaya, da allon farashin da kowa ke gani, a kuma riƙa faɗin farashin Akra da Abijan a rediyon gari. Batun kuɗin riƙe kaya kuwa, duba amsa ta gaba.

Banki ba ya ba manomi bashi sai da jingina. Ina mafita?

Amfanin gonar kansa shi ne jinginar, kuma an daɗe ana yin haka a Nijar. Bayan girbi, a Oktoba ko Nuwamba, ƴan ƙungiya su kawo gero ko wake ko gyaɗa ɗakin ajiya, a auna, a rubuta sunan kowa a buhunsa. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusun da ke ba da bashi. Asusun ya ba da wajen kashi 70 zuwa 80 na darajar kayan a farashin kaka. Da kuɗin a yi lambu, ko kiwon turka, ko ƙaramin ciniki. Bayan wata 5 ko 6 a biya, a buɗe ɗaki, mai kaya ya ɗauki abinsa lokacin da ya yi tsada.

A ce buhu jaka 20 ne da kaka, aka karɓi jaka 15, ruwa da kuɗin ajiya suka ci jaka 2. Idan buhun ya kai jaka 28 a watan Mayu, manomi ya tsira da jaka 6 da a da ta ɗan kasuwa ce. Ana faɗuwa a shekarar da farashi bai tashi ba, ko bashin ya makara har Janairu an riga an sayar, ko ƙwari sun cinye wake. Na ƙarshen yana da magani: buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ba sai an sa guba ba. Na gwamnati shi ne gina ɗakunan ajiya, da ba bankuna irin BAGRI (bankin noma) da ƙananan asusu kuɗi mai rahusa tun Satumba, da tanadar tsarin ciniki irin na Musulunci, don manoma da yawa ruwan ne ke hana su shiga.

Me ya sa gwamnati ba za ta ƙayyade farashi, ta hana fitar da hatsi waje ba?

Takan yi, a Oktoba 2024 an hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. A shekarar yunwa matakin na da hujja, wanda ya ga yunwar 2005 ba zai raina ta ba. Amma idan ya zama ɗabi'a, manomi ne ke biya: farashin kaka ya karye, baɗi ya rage shuka, kaya su bi ta daji da dare. Farashin da aka ƙayyade ƙasa da yadda ɗan kasuwa ya sayo kuwa, ƙarshensa kaya su ɓace daga rumfa su bayyana a zaure.

Rumbun ƙasa ya fi aiki. OPVN, hukumar da ke riƙe da shi, ta sayi hatsi da kaka, kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma, ta biya nan take. Ta fitar da shi da rahusa daga Yuni zuwa Satumba, tiya-tiya, don kada ƴan kasuwa su kwashe. A sanar da rana da yawa tun da wuri, saboda masu jinginar hatsi su san lissafinsu (duba amsar da ta gabata). Ba a fafe gora ranar tafiya: rumbun da ake neman cikawa a watan Yuni ya riga ya makara.

Dabbobinmu a tsaye suke tafiya Najeriya. Ba za a sarrafa su a gida ba?

Naman sanyi sai da wutar da ba ta ɗaukewa da motar firji (duba amsa ta gaba). Abin da ke hannu yanzu shi ne rigakafi a kan lokaci, da kare burtali da mashaya, da rumbun dusa da harawa kafin bazara, don kada makiyayin Abalak ya sayar da saniya a farashin akuya a watan Yuni. Fata ma ana zubar da darajarta da yankan wuƙa wajen fiɗa da shanya a ƙasa cikin rana. Horar da mahauta ya kamata ya riga gina majema.

Me ya sa masana'antu ba sa daɗewa a Nijar?

Tsadar wuta, tsadar hanya, da ƙaramar kasuwa kusa da babbar maƙwabciya. Kafin 2023 wajen kashi 70 na wutar da NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, daga mai walda har mai sayar da ƙanƙara kowa ya ji a jikinsa. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai megawat 30 sun nuna hanya, sai dai rana ba ta aiki da dare. Dole a haɗa ta da batura ko da tushe mai tsayawa: kwal irin na Anu Araren a jihar Agadas da na Salkadamna da ke jihar nan, da madatsar Kandaji a kan kogin Isa, wadda aka tsara kan megawat 130, aka aza tubalinta tun 2008.

A fara da masana'antar da kayanta ke nan, jigilar kishiyarta daga teku kuma ke da tsada. Simintin Malbaza misali ne: dutsen na nan, siminti kuwa nauyi gare shi. Haka shinkafar bakin kogi, man gyaɗa da na riɗi, busasshiyar albasa, abincin dabbobi. Kariyar duwan na da amfani idan an sa mata wa'adi, a ce shekara 5, da sharaɗin yawan abin da za a samar. Marar wa'adi kan haifi kamfani malalaci da kaya mai tsada, iyaka mai tsawon kilomita 1,500 da Najeriya kuma ba ta tsaruwa. A ganinmu sayayyar gwamnati ta fi haramci ƙarfi: abincin soja da na makarantu a saye shi a gida, a kuma biya da wuri.

Ba mu da teku. Wace hanya ce mafita?

Fiye da ɗaya. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a Benin, ce mafi kusa da Yamai, kilomita 1,000 da ɗori, rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 kuma ya tilasta bin Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja. A 2019 Najeriya ce ta rufe tata iyakar fiye da shekara. Kada kayan ƙasa su rataya ga ƙofa ɗaya: Kwatano, Lome, Tema, Legas, Aljeriya ta Asamaka, kowace a riƙe ta da yarjejeniya. A cikin gida a rage shingayen hanya, don ga motar albasa a zafin Afrilu kowace awa ruɓa ce, a kuma tsaya kan awon manyan motoci: idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka, ɓarnar da yake wa kwalta kan kai ninki 16.

Ana ta ƙara mana haraji. Ƙarin haraji ne zai gyara ƙasa?

Abin da Nijar ke tarawa na haraji wajen kashi 10 ne na abin da ƙasa ke samarwa, burin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, kuwa 20. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ƙasar da ba ta tara nata ba, ko bashi da tsada take samunsa. Amma kason bai yi kaɗan ba, TVA, harajin da ke kan sayen kaya, ma kashi 19 ce. Matsalar ita ce nauyin na kan mutane ƙalilan, ma'aikacin da ake cirewa tun daga albashi, da ɗan kasuwar da ya yi rajista, da mai tebur da ke da sauƙin kamu.

Gyaran ya fara da buga jerin duk wanda aka yafe wa haraji da adadin, a sa wa kowace yafiya ranar ƙarewa. A karɓi harajin gidaje da filaye a Yamai da manyan birane. A haɗa bayanan duwan da na ofishin haraji ta lambar NIF, wato lambar mai biyan haraji, don wanda ya shigo da kwantena 20 kada ya zo ya ce shi mai ƙaramin shago ne. Ƙananan ƴan kasuwa su biya haraji ɗaya sananne a shekara, ta waya, da rasit. Kasuwar da aka karɓi kuɗinta aka ga magudana da makewayi da fitila, ba a shan wahalar karɓa baɗi.

Cin bashi laifi ne?

Ya danganta da wa'adi, da ruwa, da abin da aka yi da shi. Ma'aunin UEMOA shi ne kada bashi ya wuce kashi 70 na abin da ƙasa ke samarwa, amma abin dubawa na gaske shi ne kaso nawa na harajin shekara ke tafiya biya kafin a sayi alli ɗaya. Bashin Bankin Duniya dogo ne mai ruwa kaɗan, sai dai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na kasuwar kuɗi ta yankin gajere ne mai tsada, bai dace da ginin madatsa ba. Mafi haɗari shi ne cin kuɗin fetur kafin a haƙo shi, irin dalar Amurka miliyan 400 da aka karɓa daga CNPC, kamfanin fetur na China, a 2024 da ruwa kashi 7. Ga ƙasar da ke fitowa daga takunkumin da aka sa mata bayan juyin mulkin 2023 ana iya fahimta, amma idan ya zama al'ada, asusun ajiyar da aka bayyana a sama ba zai ga ko dala ba.

Idan muka bar sefa muka buga kuɗinmu, ba shi ke nan ba?

Nijar ta fita daga CEDEAO (ECOWAS) tare da Mali da Burkina Faso a Janairu 2025, amma tana cikin UEMOA, sefa kuma na ɗaure da yuro a kan 655.957. Ɗaurin na da amfani: tashin farashi bai cika yin tsanani ba, shi ya sa ɗan kasuwar Ƙonni ke ajiye ribarsa a sefa ba a naira ba. Yana da illa: duk faɗuwar naira, kamar ta 2016 da ta 2023, na karya farashin dabbobinmu da wakenmu, takunkumin 2023 kuma ya nuna ana iya toshe asusun gwamnati a babban bankin BCEAO.

Wasu sun yi nasu kuɗin. Muritaniya ta fita a 1973 ta zauna, Mali ta fita a 1962 ta dawo a 1984. Bambancin na ga shiri: ajiyar kuɗin waje ko zinariya da za ta ɗauki shigo da kaya na aƙalla wata 3, gara ma 6; babban bankin da doka ta hana buga kuɗi don cike giɓin kasafi; da abin sayarwa waje fiye da ɗaya. Idan babu waɗannan, sabuwar takarda za ta faɗi a hannun ƴan canji cikin watanni, masu fara ji kuma su ne mai albashi da tsohuwa mai adashe. Waɗanda suka ga Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya, sun tuna yadda farashin magani da shinkafa suka yi. Amsoshin da ke kan haraji, bashi da asusun fetur su ne ainihin shirin.

Matasanmu na tafiya Abijan, Libiya da Aljeriya. A hana su, ko yaya?

Ci-rani a Adar ya girmi duk wata manufar gwamnati, kuma aiken ƴan ci-rani ne ke riƙe gidaje da yawa idan rumbu ya ƙare. Hani ba ya aiki. Wanda ya tafi da sana'a a hannu, gini, walda, haɗa wutar sola, gyaran injin ban ruwa, da takardar shaida, samunsa ba ɗaya ba ne da na mai tura baro. Cibiyoyin koyon sana'a su raba koyarwa rabi a aji rabi a wurin maigida, cikin Hausa da Tamashek, kan abin da kasuwar garin ke nema, kada a yaye tela 40 a ƙauye ɗaya. Karatun ƴan mata ma na cikin lissafin, don shi ne ke sassauta ƙaruwar jama'ar da aka ƙididdige a amsa ta farko.

Kuɗin da ake aikowa yawanci abinci da biki da gini suke tafiya, don babu inda za a sa su da aminci. Ƙaramar hukuma na iya ware fili a kwari da takardar mallaka, ta haƙa rijiyoyi, ɗan ci-rani ya sayi famfo da shinge, ƙanensa ya noma, a rubuta rabon kowa gaban kwamitin filaye da maigari. Haka rumbun albasa: mutum 10 su haɗa jari, ƙungiya ta riƙe, a raba kuɗin hayar buhu-buhu a ƙarshen shekara. Sharaɗin shi ne littafin lissafi a buɗe, sa hannun mutum biyu kafin a fitar da kuɗi, da hoton rasit a tura wa masu jari ta WhatsApp duk wata, don wanda ke Abijan ya ga inda jakarsa ta shiga.